Daga Ɗakin Jinya: Dutsen Vinson, inda rana ke kwana a sama amma yatsu na daskarewa

Na ga hunturun bana bai shigo da wasa ba. A makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar tarin yara. To ku yi mini afuwa, mun ɗaga ta zuwa mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, kuma babban yarona ne ya jawo.

Ranar Talata bayan isha ina harhaɗa jakata zan tafi aikin dare, sai ga shi da littafi a hannu. An ba su aikin gida a makaranta, wai kowa ya rubuto dutsen da ya fi tsawo a kowace nahiya. Ya cike gurbi shida, ɗaya ya gagara. Ya ce, "Umma, wane dutse ne ya fi tsawo a Antatika?" Ni kuwa hankalina na kan agogo, na ce masa can ai ƙanƙara ce shimfiɗe kamar faranti, babu wani dutse. Ya yi shiru, can ya ce, "Amma Umma, Malam ya ce akwai." Na ciro waya na duba don in kashe bakinsa, ashe nawa bakin zan kashe. Akwai dutse, sunansa Vinson, tsawonsa mita 4,892. Na faɗa masa ya rubuta, na fita da 'yar kunyata.

Daren ya zo da sauƙi a sashen jarirai, abin da ba kasafai ake samu ba, saboda haka tsakanin zagaye da zagaye na zauna na ci gaba da karanta labarin dutsen nan. Kafin gari ya waye kuma aka kawo mana wani jariri da ya sa abin da na karanta ya daina zama labarin nesa. Zan zo kansa, amma bari mu fara leƙa dutsen tukuna.

Antatika ita ce nahiyar da ke can ƙuryar kudancin duniya. Girmanta ya kai Najeriya goma sha biyar a haɗe, kuma kusan dukkanta ƙanƙara ce ta lulluɓe ta, wadda kaurinta a tsaka-tsaki ya kai kimanin kilomita biyu. Ba gari, ba gona, ba bishiya ko ɗaya. Sauro ma babu, wanda shi kaɗai ne abin da na yi musu hassada a kai. A can ne aka taɓa auna sanyi mafi tsanani da ma'auni ya nuna a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar binciken Rasha mai suna Vostok, ranar 21 ga Yulin 1983. To a cikin wannan farin fili ne jerin duwatsun Ellsworth suka huda ƙanƙara suka fito, Vinson kuma shi ne babbansu, tazarar kimanin kilomita 1,200 daga ainihin tsakiyar kudancin duniya. Tsawonsa ya ninka Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya da mita 2,419, amma Kilimanjaro na Tanzaniya ya fi shi da kusan mita dubu.

A lokacin zafinsu, wato daga Nuwamba zuwa Janairu, sanyin dutsen kan tsaya wajen digiri 30 ƙasa da sifili. Uwargida, firizar da kike daskarar da nama a ciki, idan wuta ta zauna, wajen digiri 18 ƙasa da sifili take aiki. Kenan da mutum zai fito daga dutsen nan ya shiga firizarki, ɗumi ya samu. Wannan kuma shi ne zafinsu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda dutse irin wannan ya ɓoye wa ɗan Adam har kwanan nan. An hau Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, a 1953, alhali a lokacin babu idon da ya taɓa ganin Vinson. Wani Ba'amurke mai suna Lincoln Ellsworth ya ratsa nahiyar da jirgin sama a 1935, ya hango gefen jerin duwatsun da yanzu ake kira da sunansa, amma babban bai bayyana gare shi ba. Sai a Janairun 1958, shekara biyu kacal kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, wani jirgin sojan ruwan Amurka ya hango shi. Aka raɗa masa sunan Carl Vinson, ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya wanda ya yi shekara hamsin a majalisa, saboda ya tsaya wajen ganin an fitar da kuɗin binciken Antatika. Kun ga ko a can ma suna na mai sa hannu a kasafi ne. Tsawon nasa ma an daɗe ana rubuta mita 5,140 a littattafai, sai a 2004 da aka hau da na'urar da ke aiki da tauraron ɗan Adam aka tsayar da 4,892. Idan tsohon littafin makaranta ya saɓa da abin da na faɗa, to ga dalili.

Mutanen farko sun taka ƙololuwarsa a Disambar 1966. Ayari ne na Amurkawa goma ƙarƙashin wani lauya mai suna Nicholas Clinch, huɗu daga ciki suka fara isa: Barry Corbet da John Evans da Bill Long da Pete Schoening. Biyu daga cikinsu labarinsu ya tsaya mini a rai, ƙila don aikina.

Shi Schoening tun kafin nan ya yi suna. A 1953 yana cikin ayarin da ya je hawan K2 a Pakistan, inda ɗaya daga cikinsu, Art Gilkey, jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, gudajin kuma ya wuce huhu. Mu a asibiti mun san wannan ciwo sarai, shi ya sa muke takura wa mai jego ko wadda aka yi wa tiyata ta tashi ta taka, ko tana hararar mu. Abokansa suka watsar da hawan, suka naɗe shi suka fara sauko da shi cikin guguwa. A hanya ɗaya ya zame, ya fizgo na kusa da shi, igiyoyi suka sarƙe, mutane suka yi ƙasa. Schoening, da gatarin ƙanƙararsa da ya maƙale a bayan wani dutse, shi kaɗai ya riƙe nauyin mutum shida har suka tsaya. Gilkey bai tsira ba daga baya, amma sauran sun koma gida. Shi kuwa Corbet, bayan Vinson da 'yan makonni shi da Evans suka hau Tyree, dutse na biyu a nahiyar, wanda bai kai Vinson da mita arba'in ba amma ya fi shi wuya nesa ba kusa ba, har yau waɗanda suka hau shi ba su da yawa. A 1968 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Amurka yana ɗaukar fim, lakarsa ta taɓu, ƙafafunsa suka daina aiki. Ya yi sauran rayuwarsa a keken guragu, ya zama editan wata mujalla ta masu irin lalurarsa, yana rubutu har ya rasu a 2004. Yau akwai ƙololuwa a jikin Vinson mai sunansa, akwai mai sunan Schoening, akwai mai sunan Clinch.

A yanzu hawan Vinson ya zama sana'a. Akwai masu kuɗi da masu sha'awa da ke bin duwatsu bakwai, mafi tsawo a kowace nahiya, kamar dai jerin da aka ba yarona, su kuma da ƙafa suke cike nasu guraben. Wani attajirin Amurka, Dick Bass, shi ya fara kammalawa a 1985. Junko Tabei 'yar Japan, mace ta farko da ta hau Everest, ta kammala nata a 1992. Raha Moharrak 'yar Jidda, mace ta farko daga Saudiyya da ta hau Everest a 2013, ita ma ta taka Vinson.

Hanyar kuwa ga ta. Mutum zai fara zuwa Punta Arenas, wani gari a ƙarshen kudancin ƙasar Chile. Daga nan babban jirgi zai yi sama da awa huɗu da shi a kan teku da ƙanƙara, ya sauka a wani wuri da ake kira Union Glacier. Filin jirgin ba kwalta ba ce, tsurar ƙanƙara ce shuɗiya mai tauri da iska ta share. Sai ƙaramin jirgi mai faifan zamiya a madadin taya ya ɗauke shi, ƙasa da awa ɗaya, ya ajiye shi a gindin dutsen a kan wani daskararren kogi mai suna Branscomb, wajen mita 2,100 sama da teku. Daga nan ƙafa ce. Kowa na goye da jaka, yana kuma jan sauran kayansa a wani abu kamar ƙaramin kwalekwale da aka ɗaure masa a ƙugu. Ana tafiya ne a ɗaure da juna da igiya, domin daskararren kogi yana da tsagogi masu zurfi waɗanda dusar ƙanƙara kan rufe bakinsu, mutum ya taka ya rufta. Akwai zango na ƙasa, sai wata gangara mai tsayin kusan mita dubu da ake hawa ana riƙe da igiyar da aka kafa, sai zango na sama wajen mita 3,800, daga nan a yi yini guda a je ƙololuwa a dawo. In yanayi ya yi kyau mako guda ya isa. In iska ta taso, a zauna a tanti ana kallon juna, jirgi ma ba ya tashi.

Kuɗin tafiyar ya haura dala dubu arba'in ga mutum ɗaya. Na tsaya na lissafa kwalaben jarirai nawa wannan kuɗi zai saya mana, raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma kuɗinsu ne, kuma akwai abu ɗaya da na sara musu a kai. Nahiyar ba ta kowa ba ce. Ƙasashe goma sha biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a 1959, Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu a cikinsu, aka jingine duk wata da'awar mallaka, aka hana sansanin yaƙi da gwajin makamai, a 1991 kuma aka ƙara da dokar kare muhalli da ta hana haƙar ma'adinai. Saboda wannan doka, duk abin da mutum ya shiga da shi sai ya fita da shi. Har bayan gida, ku gafarce ni, a leda ake yin sa, ya daskare, mai shi ya ɗauko abinsa ya sauko da shi, jirgi ya mayar Chile. Attajirin da direba ke buɗe wa ƙofar mota a garinsu, ga shi da ledarsa a jaka. Dalili kuwa shi ne a wannan sanyi babu abin da ke ruɓewa, abin da aka yar bana yana nan bayan shekara hamsin.

Rana kuma ba ta faɗuwa. Kusan wata huɗu tana zagaya sama kamar mai ɗawafi, sha biyun dare da sha biyun rana duk haske ne, a lokacin sanyinsu kuma ta ɓace na wasu watannin. Na san wani zai tambaya a ƙasa yadda Musulmi zai yi salla a irin wannan wuri. Malamai sun yi magana a kai tuntuni saboda 'yan uwanmu da ke arewacin Turai: ana ƙaddara lokutan ne da gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu kuma suka ce da lokacin Makka. Malamanmu masu bibiyar filin nan sai su faɗaɗa mana. Abin da ya shafe ni shi ne, duk da ranar ba ta faɗuwa, takan shiga bayan dutse, kuma da inuwa ta sauko kan zango sanyi kan faɗo cikin 'yan mintuna, kowa ya ruga cikin jakar barcinsa, ba mai fitowa sai rana ta sake leƙowa, ko da kuwa hantsi ya yi.

Yanzu ga inda nas ta shigo. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a digiri 37. Da sanyi ya taɓa shi, abu na farko da yake yi shi ne tsuke ƙananan jijiyoyin fata da na yatsu, ya janye jini zuwa ciki don ya tsare zuciya da ƙwaƙwalwa. Wato jiki ya yarda ya sadaukar da yatsa don ya ceci rai. Yatsan da jini ya bari sai ya yi fari, ya mutu da ji, in abin ya ci gaba ruwan da ke cikin naman ya zama ƙanƙara, ya yi tauri kamar itace. Mugun abin shi ne ba ya zafi a lokacin. Mutum na tafiya yana hira, hancinsa ya daskare bai sani ba. Shi ya sa masu hawan ke da ɗabi'ar duba fuskar juna a kai a kai, in ka ga farin tabo a kumatun ɗan uwanka ka faɗa masa, don shi ba zai ji ba. Cire safar hannu na minti biyu don ɗaukar hoto a ƙololuwa ya ishi mutum asarar kan yatsa. Maganinsa kuma ba murzawa ba ce, ba kuma kara shi a wuta ba. Ruwa mai ɗumi ne daidai zafin jiki, digiri 37 zuwa 39, a tsoma a hankali, kuma ba a narkar da shi sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba, don daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna. Hana kara shi a wuta da ake yi, saboda fatar da ba ta ji ƙonewa za ta yi mai ita bai sani ba. Masu ciwon suga da ƙafarsu ta yi dindiris, ku riƙe wannan, don duk hunturu sai an kawo mana wani dattijo da ya miƙa ƙafa ga garwashi ya tashi da ƙuna.

Idan kuma sanyin ya ci ƙarfin jiki gaba ɗaya, zafin ciki ya sauka ƙasa da 35, sai makyarkyata ta tsananta, hannu ya kasa ɗaure igiya, magana ta fara karyewa. Ya ƙara sauka, makyarkyatar ta tsaya, wanda bai sani ba ya ɗauka sauƙi ne, alhali jiki ne ya gaji. Tunani ya rikice, barci ya zo mai daɗi, wasu har tuɓe kaya suke yi suna cewa zafi suke ji. Ga ƙarancin iskar shaƙa a sama, wanda a kusa da ƙuryar duniya ya fi tsanani fiye da dutse mai irin wannan tsawo a Afirka, yana kawo ciwon kai da amai, wani lokaci ruwa a huhu. Ga hasken rana da farar ƙanƙara ke mayarwa sama, yana ƙona ido har mutum ya yi kwana biyu ba ya gani in ya yi sakaci da tabarau, yana ƙona har cikin hanci. Ga ƙishirwa a tsakiyar ruwa, domin iskar wurin busasshiya ce fiye da ta hunturunmu, kuma duk kofin da za a sha sai an narkar da dusar ƙanƙara a kan risho, aikin awanni kullum.

Rishon nan kuwa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don mun san shi. Idan iska ta hana girki a waje, mutum kan ja risho cikin tanti ya zuge ƙofa. Wutar da ke ci a rufaffen wuri tana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar shaƙa. Alamarta ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, waɗanda a kan dutse mutum zai ce tsawo ne ya jawo, a gida kuma mu ce zazzaɓi ne. Wani fitaccen mai binciken Antatika, Richard Byrd, ya zauna shi kaɗai a wata bukka cikin ƙanƙara na kusan wata biyar a 1934 yana auna yanayi, wannan iska ta kusa kashe shi a hankali. Abokansa da ke babban sansani ne suka lura saƙonninsa na rediyo sun fara fita daga hayyaci, suka bi duhu da tarakta suka je suka same shi. Shi ya yi sa'a akwai masu sauraro. Iyalin da suka shigar da kaskon gawayi ɗaka, suka toshe taga da tsumma, suka ja ƙofa suka kwanta, ba mai sauraron su sai da safe. Haka janareto a zaure ko a lungun da ke kallon tagar ɗaki. In za a ɗumama ɗaki da garwashi, a yi tun da sauran ido biyu, taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, komai kyan da garwashin ya yi.

To, wajen ƙarfe biyar na asuba aka turo ƙofa. Wata dattijuwa ce da jariri a naɗe cikin zannuwa uku, mai jegon na biye da ita tana takawa da ƙyar, wata ƙanwarta na riƙe da ita. An haife shi a gida wajen tsakar dare, cikinsa ya isa, sai dai ɗan ƙarami ne. Dattijuwar ta ce, "'Yata, duba mana shi, tun ɗazu ya ƙi kama nono, kukan ma ba ya fita." Na sa bayan hannuna a tafin ƙafarsa, sanyi ƙalau. Na sa a cikinsa, nan ma sanyi. Ma'auni ya nuna 34.6. Jariri kuwa ana son sa tsakanin 36.5 da 37.5.

Na ce, "Mama, an yi masa wanka?" Ta ce, "Ƙwarai, ni da kaina na yi masa, na cuɗe shi tas. Ruwan kuma mai zafi ne 'yata, har yana tururi." Kuma gaskiya ta faɗa. Ba sakaci ta yi ba, abin da uwarta ta yi mata ta yi wa jikanta, don ta taso tana jin cewa jaririn da ba a wanke da kyau ranar haihuwa ba zai girma da ƙarni. Sai dai ba zafin ruwan ne matsalar ba, fitowa daga ruwan ne. Jiƙaƙƙiyar fata tana bushewa tana tafiya da zafin jiki, abin da ya sa mai hawan Vinson ke tsoron gumi fiye da yadda yake tsoron iska, har yakan rage kaya in zai yi tafiya don kada rigarsa ta jiƙe. Shi babba ne, yana da tsoka, yana makyarkyata ya samar da zafi. Jariri ba ya iya makyarkyata. Ɗan wani kitse ne Allah Ya ajiye masa a tsakanin kafaɗu da wuya yake ƙonawa, in ya ƙare sugan jininsa ya faɗi, ya rasa ƙarfin tsotso, rashin tsotson ya ƙara masa sanyi. Kansa kuma babba ne a kan jikinsa, in babu hula ta nan zafi ke zuba. An yi masa wanka ƙarfe ɗaya na dare cikin hunturu, aka naɗe shi da zanin da aka tsane shi da shi, aka ajiye a gefe aka koma kan uwar. Bai buƙaci digiri 30 ƙasa da sifili ba. Sanyin ɗakin kakarsa ya ishe shi.

Kwalabenmu duk da bakwaini a ciki. Na kwantar da uwar a jingine, na tuɓe shi ya rage daga shi sai kunzugu da hula da safa, na ɗora shi a tsakanin ƙirjinta fata da fata, na ɗaure su da busasshen zani, na lulluɓe su da bargo. Wannan dabara daga wani asibiti a Bogota ta ƙasar Kolombiya ta fito a 1978, lokacin da su ma kwalba ta yi musu kaɗan, yanzu kuma duniya ta karɓe ta. Muka auna sugansa, muka tatsi nonon farko muka ba shi kaɗan-kaɗan, likita ya zo ya fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta, domin sanyin jiki a jariri wani lokaci ba na yanayi ba ne kaɗai, alamar cuta ce a jini. Dattijuwar ta tambaya ko a kawo kwalbar ruwan zafi a kara masa. Na ce a'a Mama, fatarsa ba za ta ɗauka ba, kuma ba shi da bakin cewa ya ƙone.

Ga abin da nake roƙon iyayena da 'yan uwana, musamman masu karɓar haihuwa a gida a wannan watanni. Da ya faɗo a tsane shi da busasshen zani, a jefar da wannan zanin gefe a ɗauko wani, a sa masa hula, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, a ba shi nono cikin awar farko. Wanka ya jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bari sai bayan awa 24, in kuma al'ada ta matsa ƙwarai to kada ya gaza awa shida. Farin maiƙon da ke jikinsa ba datti ba ne, kariya ce, da kansa yake shigewa fata. Ranar da za a yi wankan a yi da rana tsaka, a ɗaka, a gama da sauri. Kullum kuma a riƙa taɓa ƙafarsa da cikinsa da bayan hannu, kamar yadda mutanen can ke duba fuskar juna, don shi ma ba zai faɗa ba. In ƙafa ta yi sanyi ciki da ɗumi, a ƙara masa sutura a manna shi da uwarsa. In duka biyun sun yi sanyi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi, a taho asibiti, kuma a taho da shi a cikin rigar uwarsa, ba a kafaɗar mai riƙo a bayan babur ba.

Ƙarfe shida da rabi ma'auni ya nuna 35.6. Ƙarfe takwas ina miƙa aiki ga masu safe ya kai 36.7, ya fara lalubar nono da kansa, ya kuma tsala wani kuka da ya tashi na gadon kusa. Dattijuwar ta yi hamdala, ta kama hannuna ta ce, "To Sista, yanzu yaushe zan yi masa wankan?" Na ce sai an sallame ku Mama, kuma da azahar. Ta ce ita dai a zamaninsu ba a yi haka ba, amma ta ji.

Ranar Juma'a aka sallame su, da hula biyu da wata abokiyar aikina ta saƙa. Yaron wajena kuma ya ci bakwai bisa bakwai, ya dawo yana tambayata ko nawa ne kuɗin jirgi zuwa Chile. Ku rubuto mini a ƙasa yadda ake yi da wankan farko a garuruwanku, da awa nawa ake jira in ana jira, ina son in ji musamman daga ungozomomi. Mako mai zuwa, in sha Allahu, maganar tari.